Burkutu: Giyar dawa tsakanin al'ada, doka da kasuwa

A ƙasashen Turai da Amurka, ɗanɗana giyar da ƙananan masana'antu ke dafawa ya zama abin sha'awa ga ɗimbin jama'a. A arewacin Nijeriya ma akwai giya ta aikin hannu wadda ta daɗe ana dafa ta, wato burkutu, sai dai matsayinta a idon jama'a da na hukuma ya sha bamban ƙwarai.

A garin Fakku da ke ƙaramar hukumar Kebbe, da sauran garuruwan kudancin Jihar Sakkwato har zuwa Tambuwal, dawa da gero su ne ginshiƙin abincin jama'a. Da su ake tuwo, da su ake kunu da fura.

Mutanen wannan yanki Musulmi ne, kuma tun shekara ta 2000 jihar ke aiki da tsarin Shari'ar Musulunci, wanda ya haramta wa Musulmi shan duk wani abu mai sa maye.

To amma idan aka nausa kudu aka shiga ƙasar Zuru a Jihar Kebbi, ko aka zarce zuwa wasu sassa na jihohin Neja da Kaduna da Filato, za a tarar da al'ummomin da suka daɗe suna dafa giya da wannan dawar, a matsayin wani ɓangare na aikin gona da bukukuwa.

Haka kuma akwai buhunan dawar da 'yan kasuwa ke saye a kasuwannin hatsi na arewa, su ɗora a mota zuwa manyan masana'antun giya da na lemon malt.

Ke nan ƙwayar hatsi ɗaya ce, amma hanyoyinta uku: ta zama abinci, ta zama abin da doka ta hana, ko ta zama hajar kamfani.

Mece ce burkutu?

Burkutu giya ce mai kauri da ake yi da dawa, wani lokaci kuma da gero ko masara. Launinta ja-ja ne mai duhu, tana da tsami, kuma ba a tace ta sosai, shi ya sa ba a ganin ƙasan ƙwaryar da aka zuba ta.

Yawan sinadarin maye da ke cikinta yakan kama daga kashi 3 zuwa kashi 6 cikin ɗari, wato kusan daidai da giyar kwalba.

Tana da ƙanwa da ake kira fito, ko pito a bakin mutanen Ghana, wadda ta fi ta tsarwa-tsarwa saboda ana tace ta.

Kusan duk inda ake noman dawa a nahiyar Afirka akwai irin wannan abin sha da sunansa. A Burkina Faso da Mali ana ce da shi dolo, a Benin da Togo cukutu, a arewacin Kamaru da Chadi bilbil, a Sudan kuma marisa.

Ya kamata a bambanta burkutu da bammi, wanda ruwa ne da ake tatsa daga bishiyar kwakwa ko tukurwa. Haka nan ta bambanta da ogogoro, wanda barasa ce mai ƙarfi da ake samu ta hanyar tafasa bammi a tara tururinsa.

Yadda ake dafa ta

Aikin dafa burkutu yakan ɗauki kimanin mako guda, kuma yana cin itace da ruwa mai yawa.

Da farko ana jiƙa dawar ta kwana a ruwa, sannan a tsame ta a shimfiɗa a inuwa, a rufe da ganye ko buhu, a riƙa yayyafa mata ruwa har kwana uku zuwa biyar.

A cikin waɗannan kwanaki ne dawar ke tsirowa. Wannan shi ne tsiro, irin wanda wasu mata ke sa wa kunun zaƙi domin ya yi garɗi.

Masana kimiyyar abinci sun bayyana cewa yayin da ƙwayar ke tsirowa takan samar da wasu sinadarai da ke narkar da sitacin da ke cikinta su mayar da shi sukari. Idan babu wannan sukarin, babu giya.

Daga nan sai a shanya tsiron a rana ya bushe, a murje saiwoyin, a kai niƙa. Murje saiwoyin na da muhimmanci, domin ɗanyen tsiron dawa na ɗauke da guba, irin wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa da ke kashe dabba idan ta ci.

Garin da aka niƙo ana dama shi da ruwa a bar shi ya kwanta. Sai a tsiyaye ruwan saman a ajiye gefe, a dafa gasarar da ta kwanta ita kaɗai, sannan a sake haɗa su bayan ta huce.

Wannan dabara tana da dalili. Sitacin dawa ba ya nuna sai da wuta mai ƙarfi, alhali irin wannan zafi yana kashe sinadaran da ke mayar da shi sukari. Ta hanyar ware ruwan saman, sai sinadaran su tsira daga wuta, su dawo su yi aikinsu a kan gasarar da ta riga ta nuna.

Bayan haka ana barin haɗin ya kwana ya yi tsami, a sake tafasa shi na tsawon sa'o'i, a sauke ya huce, sannan a zuba masa ɗan ragowar tsohuwar giya wadda ke ɗauke da yis. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai ya fara kumfa, ya zama burkutu.

Ba ta jure ajiya. Tana ci gaba da tsima ko a cikin ƙwaryar mai sha, kuma bayan 'yan kwanaki takan yi tsamin da ba ta shawuwa. Wannan ne ya sa ba a safararta zuwa nesa, kuma kowace mai dafawa tana da ranar da ake sanin tukunyarta za ta sauka.

Sana'ar mata

A kusan dukkan wuraren da ake dafa burkutu, sana'ar tana hannun mata ne, kuma 'ya takan gaje ta daga uwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihi. Dokokin Sarki Hammurabi na Babila, waɗanda aka rubuta kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun tanadi hukunci a kan mata masu sayar da giya idan suka tauye mudu.

A ƙasar Hausa, an fi danganta dafa giya da Maguzawa, wato Hausawan da suka ci gaba da bin addinin gargajiya a ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau.

Masanin harsuna ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya zauna a cikinsu a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, kuma a littafin da ya wallafa a 1946 ya bayyana rayuwarsu da tsafinsu. Shan giya na daga cikin abubuwan da suka raba su da maƙwabtansu Musulmi a fili.

A tsakanin irin waɗannan al'ummomi, giya ita ce ladan gayya. Manomin da ya gayyaci jama'a su taya shi noma ko girbi, matarsa ce ke dafa tukwanen da za a sha bayan an tashi daga gona.

Wani masanin halayyar al'umma, Robert Netting, ya yi nazari a kan ƙabilar Kofyar ta ƙasar Filato. A maƙalar da ya buga a 1964 ya nuna cewa a wurinsu giyar hatsi tana aiki kamar kuɗi: da ita ake biyan aiki, da ita ake biyan tara, da ita ake girmama baƙo.

A birane kuwa, gidajen burkutu sun fi yawa a unguwannin baƙi da bayan gari da kewayen barikoki. Masu shanta galibi leburori ne da masu ƙaramin ƙarfi, saboda ƙwarya guda ba ta kai kuɗin kwalba ba.

Ga mata da yawa, musamman zawarawa da waɗanda mazajensu suka rasu, wannan tukunya ce ke biyan kuɗin makarantar yara. Shi ya sa duk lokacin da farashin dawa ya tashi, ko hukuma ta kai samame, su ne suke fara ji a jikinsu.

Matsayin Musulunci da Jihadin 1804

Malaman Musulunci sun bayyana cewa haramcin giya ya sauka ne daki-daki a cikin Alƙur'ani, a surorin Baƙara da Nisa'i, kafin hani na ƙarshe ya zo a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida.

Batun giyar hatsi ma ya taso tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya zo a hadisi cewa Sahabi Abu Musa al-Ash'ari ya yi tambaya game da abubuwan sha biyu na mutanen Yaman, ɗaya na zuma ɗaya na hatsi, aka ba shi amsa cewa hukuncin yana rataye ne a kan sa maye.

Saboda haka a wurin malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a yammacin Afirka, babu bambanci tsakanin giyar inabi da ta dawa.

Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranci jihadi daga shekarar 1804, ɗaya daga cikin laifuffukan da aka ɗora wa sarakunan Haɓe shi ne rashin kula da halal da haram a abin ci da abin sha. An ambaci haka a littafin Kitabul Farƙ da ake danganta wa Shehun.

Kafuwar Daular Usmaniyya ta kawar da giya daga fadoji da kasuwannin manyan birane. Sai dai ta ci gaba da wanzuwa a ƙauyukan waɗanda ba Musulmi ba, da kuma yankunan da ke gefen daular.

Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya rubuta cewa a garin Kulfo, a kan hanyarsa ta zuwa arewa a 1826, ya ga ana sayar da wani abin sha mai suna buza, wanda ake haɗawa da dawa da zuma da barkono a tsima a manyan tuluna.

Zamanin Turawa

A taron da manyan ƙasashen duniya suka kammala a birnin Brussels a shekarar 1890, an amince da hana shigar da barasa mai ƙarfi cikin yankunan Afirka da ba su saba da ita ba.

Da Turawan Ingila suka kafa mulki a arewacin Nijeriya, sai suka sanya yankin cikin wuraren da hanin ya shafa. Wannan ya yi daidai da buƙatar sarakuna, waɗanda ta hannunsu Turawan ke mulki.

A kudancin ƙasar kuwa lamarin ya zama akasin haka, domin harajin barasar da ake shigowa da ita daga Turai na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin mulkin mallaka.

Bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka yi ta kwararowa, aka kafa unguwannin Sabon Gari a wajen ganuwa. A can ne mashaya suka samu gindin zama, yayin da cikin birni ya kasance ƙarƙashin dokar sarki da alƙali.

Wannan tsari na raba gari biyu shi ne ya ci gaba har bayan samun 'yancin kai.

Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960 zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya tanadi hukunci a sashe na 403 ga duk Musulmin da ya sha abu mai sa maye ba don magani ba. Ke nan hanin ya girmi dokokin shekara ta 2000 da shekaru arba'in.

Dawowar Shari'a

A watan Oktoban 1999 ne gwamnan Jihar Zamfara na lokacin, Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shirin aiwatar da Shari'a a Gusau, kuma dokar ta fara aiki a watan Janairun 2000.

Jihar Sakkwato ƙarƙashin Alhaji Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, da Jihar Kebbi ƙarƙashin Alhaji Adamu Aliero, sun bi sahu. Daga ƙarshe jihohi 12 na arewa ne suka rungumi tsarin.

A mazhabar Malikiyya haddin shan giya bulala 80 ne, kuma shi ne abin da kundin Jihar Zamfara ya tanada. Mazhabar Shafi'iyya kuwa ta tsaya a kan 40.

Kundayen Shari'ar dai Musulmi kawai suka shafa. Amma jihohi da dama sun haɗa da wasu dokoki da suka soke lasisin sayar da giya ko suka taƙaita shi, abin da ya shafi kowa da kowa.

A nan ne taƙaddama ta taso. Masu goyon baya na cewa matakin ya rage shaye-shaye da ɓarna a tsakanin matasa, kuma ya biya buƙatar mafi rinjayen jama'a.

Masu adawa kuwa, ciki har da ƙungiyoyin Kirista da na kare haƙƙin bil'adama, suna kafa hujja da sashe na 10 da na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, waɗanda suka hana mayar da wani addini na gwamnati, suka kuma ba kowa 'yancin bin addininsa.

Barikokin soja da na 'yan sanda, waɗanda ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya, sun zama wuraren da masu sha ke komawa a yawancin waɗannan jihohi.

Jihar Kano ce ta fi yin fice wajen zartar da dokar. A watan Nuwamban 2013 Hukumar Hisba ta jihar ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a, a watan Fabrairun 2022 kuma ta lalata kusan miliyan huɗu.

Wannan ya shiga cikin muhawarar harajin kayan masarufi na VAT a 2021, lokacin da gwamnan Jihar Ribas na wancan lokaci, Nyesom Wike, ya nemi jihohi su riƙa karɓar harajin da kansu. Masu ra'ayinsa sun yi ta tambayar dalilin da zai sa jihohin da ke fasa kwalabe su samu kaso daga harajin giya.

Dawa a masana'anta

Giyar kwalba ta fara fitowa daga masana'anta a Nijeriya ne a 1949, lokacin da kamfanin Nigerian Breweries, wanda aka kafa a 1946, ya fitar da Star a Legas. A 1963 ya buɗe reshe a Kaduna.

Kamfanin Guinness kuma ya gina masana'antarsa a Ikeja a farkon shekarun 1960, wadda ita ce ta farko da ya kafa a wajen Ireland da Birtaniya.

Shekaru da dama waɗannan kamfanoni sun dogara ne da tsiron sha'ir da ake shigowa da shi daga Turai, domin sha'ir ba ya yin kyau a ƙasa mai zafi.

A watan Janairun 1988 gwamnatin mulkin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi, domin tsimin kuɗaɗen waje. Dole kamfanonin suka koma ga dawa da masara.

A nan ne suka ci karo da matsalar da matan ƙauye suka daɗe da warwarewa, wato yadda za a dafa sitacin dawa ba tare da an kashe sinadaran tsiron ba. Sai da suka sauya tsarin dahuwarsu, suka kuma riƙa ƙara sinadaran da ake sarrafawa a masana'anta.

Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta taka rawa a wannan sauyi. Irin kaura mai gajeren kara da ake kira SK 5912, wanda aka inganta a can, ya zama cikin waɗanda masana'antu suka fi nema.

Ko da yake daga baya an ɗage hanin, kamfanonin ba su rabu da dawa ba. Da ita kuma ake yin lemon malt marar sa maye, irin su Maltina da aka fara fitarwa a 1976, wanda ya samu karɓuwa sosai a gidajen Musulmi da wuraren biki.

Nijeriya dai na cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya, inda takan samar da tan miliyan shida zuwa bakwai a shekara, mafi yawa daga arewa.

Manomin da ya kai buhunsa kasuwa ba ya sanin inda zai ƙare. Yana iya zama tuwo a Sakkwato, ko abincin kaji a Ibadan, ko ya shiga kwalba a Legas.

Yadda abin yake a ƙasashen yamma

Abin da ake kira giyar aikin hannu a Turai da Amurka ya samo asali ne daga ƙorafin masu sha, waɗanda suka ga cewa 'yan manyan kamfanoni sun mamaye kasuwa suna fitar da abu iri ɗaya.

A Birtaniya an kafa ƙungiyar CAMRA a 1971, domin kare giyar gargajiya ta ganga daga ɓacewa.

A Amurka kuwa, Shugaba Jimmy Carter ya sanya hannu a 1978 a kan dokar da ta halatta wa mutum ya dafa giya a gidansa don amfanin kansa. Da yawa daga waɗanda suka fara a ɗakin girki sun kafa ƙananan masana'antu daga baya.

A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a Amurka ba su kai 100 ba. Zuwa shekarar 2022 sun haura 9,000.

Ƙungiyar masu wannan sana'a a can ta gindaya sharaɗi cewa kafin a kira masana'anta da wannan suna, kada abin da take fitarwa ya wuce ganga miliyan shida a shekara, kuma kada hannun jarin babban kamfanin giya a cikinta ya kai kashi 25 cikin ɗari.

Masu sha'awar abin sukan ziyarci masana'antu, su halarci bukukuwan baje koli, su ɗanɗana kaɗan-kaɗan a ƙananan kofuna, suna kwatanta ɗaci da ƙamshi da launi.

Wannan yayi ya iso Nijeriya. A 2017 aka kafa wata ƙaramar masana'anta mai suna Bature Brewery a Abuja, wadda daga baya ta mayar da aikinta Legas. Masu sayen kayanta galibi mazauna birni ne masu hali.

Idan aka duba da kyau, siffofin da ake yaba wa giyar aikin hannu duk burkutu tana da su: ana dafa ta kaɗan-kaɗan, da hatsin yankin, kuma ɗanɗanon kowace tukunya ya danganta da hannun mai ita.

Bambancin shi ne waccan tana da lasisi da awo da tambari a jikin kwalba, wannan kuwa babu mai auna ta, babu kuma mai sa ido a kan tsabtarta.

Batun lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 2.6 ne suka mutu a faɗin duniya sakamakon shan barasa. A farkon 2023 kuma ta bayyana cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Wannan ya shafi giyar kwalba da ta tukunya baki ɗaya. Ciwon hanta da hawan jini da wasu nau'o'in sankara da haɗurran mota na daga cikin illolin da likitoci ke lissafawa.

Burkutu tana da nata ƙarin matsalolin. Idan aka yi amfani da hatsin da ya yi fumfuna, gubar da ke cikinsa mai lahani ga hanta tana iya bin giyar.

Haka nan maye gurbin tukwanen ƙasa da durom na ƙarfe yana sa tsamin giyar ya riƙa cin ƙarfen. Likitoci a kudancin Afirka sun daɗe da gano cutar taruwar sinadarin ƙarfe a hantar waɗanda suka jima suna shan giyar da aka dafa a irin waɗannan durom.

Haɗari mafi girma dai yana tattare ne da barasa mai ƙarfi da ake haɗawa a ɓoye, irin su ogogoro da goskolo da ta addabi matasa a Jos, da kuma abubuwan da wasu ke zubawa a burkutu don ƙara mata ƙarfi.

A watan Afrilun 2015 mutane aƙalla 18 suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, sannan a watan Yunin shekarar wasu kimanin 70 suka mutu a Jihar Ribas. Hukumomi sun danganta mace-macen da ogogoro mai ɗauke da gubar methanol, wadda ke makantarwa kafin ta kashe.

A farkon 2024 kuma Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sanar da hana sarrafa barasar leda da ta ƙananan robobi, saboda arharta ta sa yara da matasa na samunta cikin sauƙi. Kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago sun yi adawa da matakin.

Tsakanin kunu da giya

Ga mazauna garuruwa irin su Fakku da Kebbe da Tambuwal, ilimin tsima hatsi bai ɓace ba. Yana nan a cikin koko da kunun zaƙi da fura, waɗanda duk ɗan tsamin da ke cikinsu aikin ƙananan halittu ne irin waɗanda ke sa burkutu tsami.

Abin da ya raba su shi ne lokaci da kuma yis. Kunun zaƙi ana shan sa ne a ranar da aka dama, tun sukarin da ke cikinsa bai juye ba.

Idan aka bar shi ya kwana biyu ko uku a wuri mai zafi, zai fara kumfa, robar da aka ɗura shi ta kumbura, warinsa kuma ya sauya. Masu sayarwa sun san wannan alama, shi ya sa suke sa ƙanƙara, kuma ba sa dama fiye da abin da za su sayar a yini.

Malaman fiƙihu ma sun yi bayani a kan wannan iyaka a babin tsimi, inda suka halatta shan jiƙon dabino ko zabibi matuƙar bai kai ga sa maye ba.

Burkutu kuwa tana ci gaba da zama a inda ta daɗe: a ƙauyukan da al'ada ta yarda da ita, da kuma bayan gari a wuraren da doka ta hana ta. Makomarta a kowane yanki ta dogara ne a kan dokar jihar, da addinin mazauna wurin, da kuma farashin buhun dawa a kasuwa.